Ƙurar Dutse da Fatar da ke Sandarewa

A shekarar 1914 wani babban likita a birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan, mai suna Byrom Bramwell, ya waiwayi kundin marasa lafiyar da ya duba, ya ware mutum tara masu wata cuta da ba kasafai ake ganin irinta ba. Daga yatsu take somawa. Sanyi kaɗan ya taɓa su sai su yi fari fat, su rikiɗe su yi shuɗi-shuɗi, sannan jini ya komo musu da zogi. Bayan wani lokaci su kumbura, kumburin ya saɓe ya bar fata a ɗame tana ƙyalli, ta manne wa ƙashi har ba a iya mintsinin ta. Yatsun su lanƙwashe su ƙandare, mutum ya kasa dunƙule hannu, ya kuma kasa miƙe shi. Fuska ta shafe ba tamoji, baki ya tsuke har kai loma ya zama aiki. Sunan cutar sikilerodama, daga Girkanci, ma'anarsa fata mai tauri. Abin da ya ɗaure wa Bramwell kai shi ne biyar daga cikin taran nan sana'arsu ɗaya ce, dukansu masu sassaƙar dutsen gini ne. Ya san ruwa ba ya tsami banza. Amma da ya tashi neman dalili sai idonsa ya tsaya a kan hannu, ya zargi riƙon ƙarfen sassaƙa mai sanyi da suke wuni suna yi. Ƙurar da ke tashi daga bakin ƙarfen kuwa bai ɗora mata laifi ba.

Sai da aka yi shekara 43 kafin wani likita a wata nahiya ya juya kallon daga hannu zuwa huhu. Abin da ya faru a tsakanin, da abin da ya biyo baya, shi ne tarihin da ya kamata a bi a hankali, domin yana ɗauke da hujja guda. An saba ɗaukar cututtukan da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya a matsayin abin da ke tsirowa daga cikin mutum, gado ne ko rabo, ba ruwan kowa. Tarihin sana'ar fasa dutse ya nuna cewa wannan fahimta ba ta cika ba. Aikin da mutum ke yi yana iya kunna cutar, kuma wani babban kaso na abin da likitoci suka sani game da sandarewar nama, daga ramukan haƙar zinariya da kwal aka tono shi, a jikin mutanen da galibinsu ba su ci moriyar ilimin ba.

Kafin a shiga ramin, sai an san mene ne tabo. Idan wuƙa ta yanki mutum, akwai wasu ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin fata da aikinsu saƙa ne. Su ke taruwa a bakin rauni su zuba wani zare mai ƙarfi da ake kira kolajin, su ja gefe da gefe su haɗe. Wannan kolajin ba baƙo ba ne ga Bahaushe, ko da bai san sunansa ba, domin shi ne abin da majemi ke jemewa har ya zama fatar da baduku zai ɗinka. A lafiyayyen jiki, da zarar rauni ya rufe sai masaƙan nan su ajiye aiki. A sikilerodama ba sa ajiyewa. Ƙananan jijiyoyin jini sun lalace, garkuwar jiki tana ta aiko musu da saƙon cewa akwai rauni, su kuwa suna ta saƙa a inda babu yanka. Fata ce ake gani, amma saƙar tana shiga maƙoshi ta hana haɗiya, ta shiga hanji, ta shiga zuciya, ta toshe jijiyoyin ƙoda. Mafi muni shi ne huhu. Huhu kamar soso yake, yana buɗewa yana rufewa, to idan tabo ya mamaye shi sai ya koma kamar busasshen ƙirgi, mutum ya ja numfashi iska ta ƙi wadatar da shi. Ba sikilerodama kaɗai ke yin haka ba. Amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa, mai karkatar da yatsu, shi ma yakan bar irin wannan tabo a huhun wasu masu fama da shi.

Ɗaruruwan shekaru ilimin wannan cuta da ilimin ƙura suna tafiya a hanyoyi biyu da ba su haɗu ba. A hanya ta farko akwai likitocin fata. A 1753 Carlo Curzio ya bayyana wata yarinya 'yar shekara 17 a birnin Napoli wadda fatarta ta yi tauri kamar itace, ya yi mata magani da wankan madara mai ɗumi da sirace da zubar da jini, ta kuwa samu sauƙi, abin da ya sa masana na baya suke ganin wata cuta ce mai kama da ita. A 1836 Giovambattista Fantonetti ya yi amfani da sunan da aka san cutar da shi yanzu, a 1862 kuma Maurice Raynaud ya rubuta kundinsa a Faris kan yatsun da ke sauya launi a sanyi. Duk waɗannan a farfajiyar jiki suka tsaya. A hanya ta biyu akwai masu lura da ma'aikata. Tun 1556 Georgius Agricola ya ba da labarin matan garuruwan haƙa a tsaunukan Kapatiya da kan auri maza har bakwai ɗaya bayan ɗaya, ciwon ƙirji yana ɗauke su. A 1700 Bernardino Ramazzini ya rubuta cikakken littafi na farko kan cututtukan sana'o'i, ya shawarci likita ya riƙa tambayar marar lafiya aikin da yake yi. A wajejen 1870 aka raɗa wa ciwon huhun masu fasa dutse suna silikosis. Likitan fata bai da dalilin leƙa ramin haƙa, mai duba mahaƙa kuma huhu kawai yake saurare. Bramwell ya tsaya daidai mahaɗar hanyoyin biyu, amma bai gane mahaɗa ba ce.

Wurin da suka haɗu shi ne Witwatersrand, tudun da birnin Johannesburg ya tashi a kansa bayan an gano zinariya a 1886. Zinariyar wurin ba irin ta rairayin kogi ba ce da ake tacewa a kwano. Tana warwatse ne a cikin dutsen ƙanƙara mai tsananin tauri, giram kaɗan a cikin tan guda, kuma jijiyar tana gangarawa can cikin ƙasa, har yau wasu ramukan sun doshi zurfin kilomita huɗu. Dutsen ƙanƙara kuwa kusan zallar silika ne. Don a ci riba dole a fasa dutse mai yawan gaske cikin sauri, sai aka shigo da injin huda dutse mai aiki da matsattsiyar iska. Mahaƙi zai jingina bakin ƙarfen da bango a wani lungu da ba ya iya miƙewa tsaye, injin yana duka yana feso gari a fuskarsa, babu ruwa, babu iska mai ratsawa. In an gama huda a cusa nakiya a tayar, kafin hayaƙi da ƙura su lafa an koma a kwashe. Ƙurar da ake gani tana sa tari da atishawa, jiki ya fitar da ita. Wadda ke kisa ita ce wadda ido ba ya gani, wadda kaurin gashin kai ya ninka ta fiye da sau goma, domin ita ke wucewa har ƙarshen huhu ta zauna. Ƙwararrun masu hudar farko da yawansu daga yankin Kwanwal na Ingila suka zo, suka riƙa komawa gida da kuɗi a aljihu da haki a ƙirji, da dama ba su kai shekara arba'in ba. Mahaƙan suka raɗa wa injin suna mai mayar da mata zawarawa.

Mutuwar ta yi yawan da ba a iya ɓoye ta. A 1902 aka kafa kwamitin bincike, a 1911 da 1912 aka yi dokokin biyan diyya, Afirka ta Kudu ta zama ƙasa ta farko da ta amince cewa silikosis ciwon aiki ne da ake biya. A 1916 aka buɗe hukumar likitoci mai duba mahaƙa lokaci-lokaci da ɗaukar hoton ƙirjinsu, a 1930 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta kira taronta na farko kan silikosis a Johannesburg. Ba don son ilimi aka yi wannan duka ba, rigimar kuɗi ce tsakanin kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikata. Amma ta haifar da abin da babu irinsa a duniya a lokacin, wato dubban maza da aka san shekarun da kowannensu ya yi a ƙarƙashin ƙasa, aka ajiye hotunan huhunsu, aka kuma buɗe gawarwakin waɗanda suka rasu don a tantance hakkin magada.

A daidai wannan zamani tunanin likitoci game da cutar fata mai tauri yana sauyawa. A 1942 Paul Klemperer da abokan aikinsa a birnin New York suka ce a daina kallon ta a matsayin ciwon gaɓa ɗaya, domin abin da ya kamu shi ne zaren da ya ɗaure jiki gaba ɗaya. A 1945 Robert Goetz a Cape Town ya bi ɓarnar da take yi a kayan ciki, ya ba da shawarar a kira ta sandarewar jiki mai ci gaba. Da idon da aka buɗe haka ne L. D. Erasmus ya dubi mahaƙan Witwatersrand, a 1957 ya wallafa bayanin mutum 17 masu sikilerodama, adadin da ya yi wa cuta mai wuyar samu irin wannan yawa, ya kuma mai da hankali kan huhunsu da ƙurar da suka shaƙa. Shekara huɗu kafin nan, a 1953, Anthony Caplan da ke duba hotunan ƙirjin mahaƙan kwal a birnin Kadif na yankin Wels ya lura da wasu dunƙule-dunƙule zagayayyu a huhu waɗanda ba su yi kama da tabon ƙura na yau da kullum ba, ya bincika ya tarar masu su suna da amosanin gaɓɓai. A 1967 Gerald Rodnan da abokan aikinsa a Pittsburgh ta Amurka suka duba maza 60 masu sikilerodama, suka samu 26 sun yi aikin kwal ko wani aikin ƙurar silika. A Jamus ta Gabas ma an ga haka a jikin mahaƙan yuraniyom na kamfanin Wismut. Nahiyoyi uku, ma'adinai iri uku, yanayin sanyi da na zafi, abin da ya haɗa su kawai shi ne garin dutse. Zancen sanyin ƙarfe ya faɗi ke nan, tunda a zurfin ramukan Afirka ta Kudu zafi ne ke damun mutane.

Ɗakin gwaji ya zo daga baya ya bayyana yadda abin ke faruwa. A cikin 'yan jakunkunan iska na huhu akwai ƙwayoyin garkuwa da aikinsu shara ne, duk abin da ya shigo su haɗiye su narkar. Ƙwayar cuta tana narkewa, garin silika ba ya narkewa. Masharin ya haɗiye shi, garin ya fasa masa ciki, masharin ya mutu yana ƙwalla kiran taimako, garin ya fito lafiya lau, wani masharin ya sake haɗiyewa. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru, ko da mutum ya daɗe da barin ramin. Abu biyu ke fitowa daga wannan yaƙi da ba ya ƙarewa. Na farko, kiran taimakon yana tada masaƙan kolajin su kewaye garin da tabo, wannan shi ne silikosis. Na biyu, gawarwakin ƙwayoyin da suka mutu suna zubar da kayan cikinsu a fili, a gaban garkuwar jiki da ta riga ta harzuƙa, sai ta soma ɗaukar kayan gida a matsayin na maƙiyi ta ƙera makamai a kansu. Makaman nan jini ke yawo da su, shi ya sa ƙurar da ta tsaya a huhu take iya sandarar da yatsa. A farkon shekarun 1970 E. Carwile LeRoy ya nuna cewa masaƙan da aka ciro daga fatar mai sikilerodama suna ci gaba da zuba kolajin fiye da kima ko a cikin kwanon gwaji, kamar sun manta yadda ake tsayawa.

Suka ta farko da za a yi wa wannan bayani mai nauyi ce. Mafi yawan masu sikilerodama mata ne, uku ko huɗu ga kowane namiji ɗaya, wani wurin ma fiye, kuma kusan dukansu ba su taɓa shiga rami ba. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce ƙura ce ke haddasa cutar a kowa ya yi wuce gona da iri. Sai dai wannan rinjaye na mata shi ne ma ya ba shaidar mahaƙa ƙarfi. Cutar da aka sani da kama mata, in aka tarar da ita ta taru a cikin maza masu sana'a ɗaya, ba a buƙatar dogon lissafi kafin a san wani abu ya turo ta. Abin da mahaƙa suka tabbatar shi ne ƙofar tana buɗuwa daga waje, kuma da aka san haka sai aka soma ganin wasu mabuɗan. A shekarun 1960 an ga masu wanke tukwanen haɗa robar binil suna samun yatsu masu tauri da zaizayar ƙashi. A 1981 gurɓataccen man girki da aka sayar a ƙasar Sifen ya kwantar da mutum kusan 20,000, da yawansu daga baya fatarsu ta sandare kamar ta masu sikilerodama. Rashin sanin abin da ya kunna cutar a jikin mace mai zaman gida bai rushe sanin abin da ya kunna ta a jikin mai huda dutse ba.

Suka ta biyu ta fi dabara. Mai yin ta zai ce an ga cutar a mahaƙa ne saboda su ake ta dubawa, inda aka haska fitila nan ake ganin abu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa masu bincike suka koma kwatanta mahaƙi da mahaƙi. A 1985 Sluis-Cremer da abokan aikinsa suka gwada mahaƙan zinariya masu sikilerodama da takwarorinsu marasa ita, dukansu ƙarƙashin duba iri ɗaya, suka tarar masu cutar sun yi aiki a ƙura mafi kauri, kuma ba lallai sai mutum yana da silikosis ba kafin ta kama shi. Amma zancen fitilar yana da wani gefe da ya fi wannan muhimmanci, domin a Witwatersrand fitilar ba kowa ta haska ba. Hukumar 1916 farar fata take dubawa. Baƙaƙen ma'aikata, waɗanda su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, ana ɗebo su ne da kwantiragi daga Lesoto da Mozambik da Malawi da karkarar ƙasar kanta, ta hannun hukumomin ɗaukar leburori irin su Wenela. Dubawar da aka fi yi musu ita ce a ɗora mutum a kan sikeli, in nauyinsa ya ragu sosai a tura shi wajen likitan kamfani, in ya kasa aiki a sallame shi ya koma ƙauye. Wanda yatsunsa suka ƙandare bayan shekara goma a wani tsauni na Lesoto bai shiga kundin kowa ba. Sai a 1987 Robert Cowie, da ke aiki a asibitin mahaƙa na garin Welkom, ya nuna cewa cutar a tsakanin baƙaƙen mahaƙa ta ninka ta sauran jama'a sau da yawa. Saboda haka idan ƙidaya ta yi kuskure, ragi ta yi, ba ƙari ba.

Wannan darasi ya wuce ramin haƙa. An daɗe ana koyarwa cewa cututtukan garkuwar jiki ba su cika kama 'yan Afirka ba, kuma a 1968 Brian Greenwood ya wallafa binciken da ya yi a asibitin koyarwa na Ibadan inda ya tarar ba a cika kwantar da masu su ba. Kundin asibiti dai waɗanda suka iso kuma aka gane ciwonsu kawai yake ƙirgawa. Da aka samu ƙwararrun likitocin gaɓɓai da gwajin jini a Legas da wasu birane, sai masu cututtukan suka soma bayyana. A Amurka kuwa an tabbatar cewa sikilerodama tana kama baƙar fata da wuri, ta kuma fi yi musu ɓarna a huhu. Rashin gani ba ya nufin rashin abu.

Suka ta uku ita ce ta gado. Dubban mutane sun shaƙi ƙura ɗaya, kaɗan ne fatarsu ta sandare, to ashe ba jininsu ne ya ja musu ba? Babu shakka halitta tana da hannu, an kuma gano wasu ƙwayoyin gado da ke ƙara haɗarin. Amma binciken da aka yi kan tagwaye a Amurka, wanda aka wallafa a 2003, ya tarar cewa in ɗaya yana da sikilerodama, samun ɗayan da ita bai kai kashi 5 cikin 100 ba, har a tsakanin tagwayen da ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne. Gado busasshiyar ciyawa ce, sai an samu tartsatsi. Haka aka gani a amosanin gaɓɓai a ƙasar Suwidin, inda mazan da suka haɗa ƙurar silika da shan taba suka fi kowa shiga haɗari. Kuma ko da an yarda cewa wasu jikkunan sun fi wasu rauni, wannan ba ya wanke mai ramin. Ba wanda ya san kansa kafin ya shiga, kuma ba a iya sauya jinin mutum, amma ana iya jiƙa dutse.

Akwai kuma wanda zai ce cutar ba ta da yawa, silikosis da tarin fuka su ne suka cika maƙabartu, me zai sa a ɓata lokaci a kan ta? Amsar tana cikin tarihin magani. Da can ƙoda ce ke fara kashe masu sikilerodama, jini ya hau farat ɗaya, ƙoda ta tsaya. Da aka samu maganin hawan jini mai suna captopril, wanda asalinsa daga nazarin dafin wani macijin Barazil ne, sai lamarin ya juya. Wani bincike na Pittsburgh a 1990 ya nuna waɗanda ke kai shekara guda bayan irin wannan tashin ƙoda sun tashi daga kashi 15 zuwa 76 cikin 100. Daga nan huhu ya zama babban makashi, a nan kuma nasara ba ta taka kara ta karya ba. Maganin nintedanib da Amurka ta amince da shi a 2019 yana rage saurin lalacewar huhu ne kawai. Har yau babu ƙwayar da ke warware tabon da ya riga ya kafu. Idan warkarwa ta gagara, to duk wani dalili da ake iya kawarwa tun farko yana da daraja, komai ƙanƙantar kasonsa. Ruwan da zai hana silikosis shi ne dai zai rage tarin fuka, tunda huhun da ƙura ta ci ya fi saurin kamuwa da shi, kuma shi ne zai hana wannan kason na sikilerodama da amosanin gaɓɓai.

Sanin abu daban, aiki da shi daban. Kwamitin Leon da ya binciki lafiyar mahaƙan Afirka ta Kudu ya bayyana a 1995 cewa yawan ƙura a ramukan bai sauya ba cikin kusan shekara hamsin. Wani tsohon mahaƙi, Thembekile Mankayi, ya kai ƙara har kotun tsarin mulki yana neman 'yancin tuhumar kamfanin da ya yi wa aiki, ya yi nasara a 2011, amma ya rasu kwanaki kaɗan kafin a karanta hukuncin. Ƙofar da ya buɗe ce ta kai ga yarjejeniyar 2018, inda manyan kamfanonin zinariya shida suka amince da biyan rand biliyan 5 ga masu silikosis da tarin fuka. Sana'ar kuma tana sauya riga ta dawo. A Turkiyya samari masu fesa yashi a kan wandunan jins don su yi kamar sun koɗe suka kamu da silikosis, har aka haramta aikin a 2009. Dutsen kanti da ake haɗawa a masana'anta don teburin kicin, wanda silikarsa kan haura kashi 90 cikin 100, ya cinye huhun masu yanka shi, an kuma samu cututtukan garkuwar jiki a tsakaninsu, har Ostireliya ta haramta shi daga 1 ga Yulin 2024.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A 2010 duniya ta ji labarin ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Yadda abin ya faru shi ne ana kawo dutsen zinariya cikin gari, a farfasa da guduma, a zuba a injin niƙa irin na hatsi, a niƙe shi a bushe, gari ya tashi ya lulluɓe tsakar gida. Dalma ce ta yi saurin kisa, shi ya sa ita aka gani. Amma garin nan na dutsen ƙanƙara ne, kuma silika ba ta gaggawa, takan jira shekara goma ko ashirin. Wani gwaji da aka yi da masu haƙa a arewacin Najeriya, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa fesa ruwa a wurin niƙa ya rage ƙurar silika da kusan kashi 80 cikin 100. Ruwa dai, abin da Witwatersrand ta sani tun farkon ƙarni na ashirin. Matashin da ke tsaye a bakin injin yau ba ya cikin kundin kowace hukuma, kamar dai ɗan kwantiragin Lesoto. In wata rana ya zo asibiti da yatsu a ƙandare da numfashi sama-sama, mai yiwuwa a ce sanyi ne ko sammu. Tambayar da Ramazzini ya bari tun 1700, wadda Bramwell ya yi ya samu amsa amma ya kasa fassara ta, ita ce za ta raba gardama, wato a tambaye shi wane aiki ya yi, shekara nawa, kuma a jiƙe ne ko a bushe.